Wa Ke Kan Sitiyari, Kuma Da Ƙarfe Nawa? Fashin Baƙi Kan Hatsarin Mota Mai Cin Rai

Shin hatsarin mota yana da mutanen da ya fi faɗa wa da sa'o'in da ya fi aukuwa, ko kuwa kowane direba da kowane lokaci duk ɗaya ne a kan kwalta? Wannan muhawara takan tashi a Katsina duk sanda aka kwaso gawarwaki daga hanyar Kano, ko ta Daura, ko ta Funtuwa. Takan ƙara zafi gab da Sallah da kuma watanni huɗun ƙarshen shekara, lokacin da jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ke bin tashoshin mota suna jan kunnen direbobi. A majalisar unguwa wani zai ce yaran yanzu ne ba su san darajar rai ba. Wani ya ce tafiyar dare ce musabbabi, a hana ta kowa ya huta. Sai wani dattijo ya kashe maganar da cewa tsautsayi ba a sa masa rana.

Babu mai imanin da zai yi jayayya da ajali. Sai dai waɗanda suka shafe shekaru suna rubuta wanda ya mutu a hanya, da shekarunsa, da sa'ar da abin ya faru, sun ga mutuwar ba ta rabu daidai wa daida ba. Tana taruwa a kan wasu rukunin direbobi, tana taruwa a wasu sa'o'i, kuma inda biyun suka haɗu nan ta fi ɓarna. Sanin haka riƙo ne da sababi, wanda addini ya umarce mu da shi.

## Yawan gawa daban, girman kasada daban

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke rasa rai a kan hanya duk shekara, kuma hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. A nan gida, FRSC ta ce mutum 5,421 suka mutu a haɗurra 9,570 cikin 2024. Amma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2016 ya kai kusan mutum 40,000 a Najeriya. Ratar tana da girma, dalilinta kuma ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san ƙauye. Wanda babur ya kayar a hanyar burji, kafin la'asar an yi masa sutura, ba jami'in da ya ji labari. Wanda aka kai gidan mai ɗori ya cika bayan mako biyu shi ma ba ya shiga littafi, alhali a ma'aunin da duniya ke aiki da shi, duk wanda ya rasu cikin kwana 30 saboda raunin hatsari, hatsarin ne ya kashe shi.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne bambancin ƙidaya da kasada. Ƙidaya ita ce yawan waɗanda suka mutu. Kasada kuwa ba ta fitowa sai an raba wannan adadi da yawan tafiyar da aka yi. Idan aka ce haɗurran rana sun fi na dare yawa, gaskiya ne a wurare da dama, amma ai da rana kowa ke kan hanya. Tambayar da ta dami matafiyi ita ce: a kilomita ɗarin da ke gabana, yaushe mutuwa ta fi kusa, kuma a hannun wa? A Amurka kusan rubu'in tuƙi kawai ake yi da dare, amma kusan rabin mace-macen hanya da dare suke. Ke nan kowace kilomitar dare ta ninka ta rana kasada wajen sau uku.

Yawancin alƙaluma masu zurfi irin waɗannan daga Amurka, Birtaniya da Ostareliya suke fitowa, domin can ake rubuta shekarun direba da sa'ar hatsari da nisan da motoci ke ci. Hanyoyinsu ba irin namu ba ne. Amma idon ɗan Adam, da barcinsa, da zafin jinin saurayi, duk ɗaya ne a can da Ƙofar Ƙaura.

## Sabon hannu da zafin ƙuruciya

Duk ƙasar da aka auna, matashin direba ne a sama. A Amurka, idan aka yi lissafi da nisan tuƙi, 'yan shekara 16 zuwa 19 sun ninka waɗanda suka kai 20 zuwa sama kusan sau uku wajen shiga hatsari mai kisa. A Birtaniya samari maza 'yan 17 zuwa 24 sun ninka direbobin da suka kai 25 sau huɗu wajen mutuwa ko mummunan rauni.

Abu biyu ne suka haɗu, kuma ya kamata a raba su. Na farko sabon hannu. Tayar da mota da canza giya da juya sitiyari, duk mai hankali zai iya cikin 'yan makonni. Karanta hanya ne ke cin shekaru. Tsohon direba idan ya hangi akuya ta tsallaka titi, ƙafarsa na kan burki tun bai ga 'ya'yanta ba, don ya san suna biye. Idan ya ga an jera ganye a kan kwalta, ya san akwai babbar mota a lalace a gaba. Yana iya auna gudun motar da ke tahowa kafin ya fita ya wuce tirela, ya kuma san tsawon tirelar ya fi yadda ido ke nunawa daga baya. Sabon hannu bai tara wannan sani ba tukuna, ko da ɗan shekara arba'in ne. Watannin farko na tuƙi su ne mafi hatsari ga kowa.

Na biyu ƙuruciyar kanta. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna abin da zai biyo baya ya hana mutum aikata son ransa, ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 25. Saurayi ya san gudu na kisa. Abin da ke yi masa wuya shi ne aiki da sanin a daidai lokacin da abokai suka zuba masa ido. Wani bincike da gidauniyar AAA, mai nazarin haɗurran hanya, ta fitar a Amurka a 2012 ya nuna cewa direba ɗan shekara 16 ko 17, idan ya ɗauki fasinja ɗaya ɗan ƙasa da 21, kasadar mutuwarsa na ƙaruwa da kashi 44 cikin 100. Idan biyu ne ta ninka, idan uku ne ko fiye ta ninka sau huɗu. Idan kuwa babba ne ɗan 35 zuwa sama a cikin motar, sai ta ragu da kashi 62.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a Katsina daren ɗaukar amarya ya ga wannan lissafi da idonsa. Motar aro ce, ta yaya ko ta baba. Abokan ango biyar ko shida a ciki, biyu sun zuro rabin jikinsu ta taga, na gaba yana ɗaukar bidiyo da waya yana cewa, "Kai, kar ka bari su wuce mu!" Yaron da ke jan motar nan, shi ne da safe ya kai mahaifiyarsa asibiti a natse, har tana sa masa albarka. Ba a canza mota ba, ba a canza direba ba. Waɗanda ke ciki da lokacin ne suka canza.

Sai yadda ake koyon tuƙin haya a wajenmu, wanda a ganina ya fi komai cancantar a tsaya a kansa. Yaron mota yakan fara da wanki da ɗaure kaya, ya kai ga tayar da mota da safe, ya kai ga gyara fakin a tasha. Wannan horo yana da alherinsa, don yaron ya shafe shekaru a gefen ubangidansa yana kallon hanya. Matsalar tana wajen lokacin da ake fara miƙa masa sitiyari a doguwar tafiya. Sai dare ya raba, hanya ta yi tsit, ubangida ya gaji, sannan ya ce, "Zo ka ja, in ɗan runtsa." Wanda ya fi ƙarancin gogewa aka bai wa sa'ar da ta fi wahala, wanda zai gyara masa kuskure kuma yana barci.

Dokar Najeriya ta sa shekara 18 ga lasisin tuƙi, 26 ga na motar haya. Ƙasar Niyu Zilan ta bi wata hanya tun 1987: lasisi mataki-mataki. Da farko sai da babba a gefe, daga nan matashi ya tuƙa shi kaɗai amma ban da dare kuma ban da kwasar abokai, sai daga baya a sakar masa mara. Jihohin Amurka da Kanada da Ostareliya sun kwaikwaya, haɗurran matasa suka ragu.

A Katsina da Daura kuwa, yawancin samari da babur suke buɗe ido, da yawa tun ba su kai 15 ba ake aikensu a kansa. Mai babur ba shi da ƙarfen da zai tare masa bugu. Fiye da rabin masu mutuwa a hanya a duniya masu babur ne da masu keke da masu tafiya a ƙasa, kuma hular kwano da aka ɗaure daidai tana rage raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74. A kirga masu sa ta a shataletale ɗaya cikin gari, a ga inda muke.

## Maza da mata

Ana yawan yi wa tuƙin mata ba'a, alƙaluma kuwa akasin haka suke faɗa. A duniya maza sun ninka mata kusan sau uku wajen mutuwa a hanya. Wani ɓangare na wannan don maza sun fi yawan tuƙi ne, su ke jan motocin haya da babura. Amma ko an daidaita nisan tuƙin, maza na nan a gaba wajen hatsari mai kisa, saboda sun fi gudu, sun fi aron hannu, sun fi ƙin ɗaura bel.

A jiharmu mata masu tuƙi kaɗan ne, don haka matan da ke mutuwa a hanya yawanci fasinjoji ne ko masu tafiya a ƙasa. Ransu a hannun wani namiji yake, sau da yawa matashi. Uwa da goyo a bayan ɗan acaba, gefen hijabinta na reto kusa da tayar baya, ba ta da ta cewa a gudun da ake yi da ita, kunya ma kan hana ta magana. Idan ana zancen kasadar samari maza, har da ita da jaririnta a lissafin.

## Dattijo a kan sitiyari

Tsakanin shekara 30 da sittin da wani abu direba ya fi aminci. Bayan 70 kasadar mutuwa a kowace kilomita takan sake hawa, amma dalilin ya sha bamban da na samari. Dattijo bai cika ganganci ba, jikinsa ne ba ya ɗaukar bugu. Karon da saurayi zai fita da karayar haƙarƙari, shi yana iya zama sanadinsa. Sai kuma ido. Yanar ido tana watsa hasken fitilar da ke tahowa har ta rufe masa gani. Hawan jinin ido yana cin ganin gefe a hankali ba tare da ciwo ba, mutum bai ankara ba sai mai keke ya ɓullo masa. Ga ciwon suga mai kawo jiri, ga maganin mura mai sa barci.

Direban da ya shekara talatin yana bin hanyar Katsina zuwa Kano yana cikin mafi aminci da rana. Shi ɗin kuma zai iya zama abin tsoro bayan isha'i idan bai je an duba idonsa ba. Da nauyi ɗa ya dubi mahaifinsa ya ce ya bar tuƙin dare, amma akwai yadda ake faɗa: "Baba, bari in kai ka, ka huta."

## Duhu da bashin barci

Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Kafin direba ya ga abu, ya gane shi, ya ɗora ƙafa a burki, sakan ɗaya da rabi ya wuce, mita 40 ke nan. Daga nan burki mai kyau a busasshiyar kwalta yana neman wasu mita 55 zuwa 60. Jimilla kusan mita 100. Ƙaramar fitila kuwa ba ta haska abin da ya wuce mita 50 zuwa 60. Duk abin da ya shigo haskenta a wannan gudu, direba ya riga ya makara.

Mun kuma san abin da ke cikin duhun hanyoyinmu: tirela a lalace ba fitilar baya, amalanken shanu na dawowa daga gona, babur ba danja, mota mai ido ɗaya da za ka ɗauka babur ce sai kun zo gab da juna. Idan direba ya kunna babbar fitila ya kashe wa na gabansa ido, wancan ya rama, su biyun su haɗu ba mai gani. Bayan an yi karon ma dare na ƙara nasa: motocin da za su tsaya taimako sun yi ƙaranci, mutane na tsoron tsayawa a daji, mai zubar jini ya yi ta zubarwa har gari ya waye.

Barci ya fi duhu wayo. Jikin mutum yana da agogonsa. Tsakanin ƙarfe 2 na dare da 6 na safe ya fi neman kwanciya, sai kuma wata kasala tsakanin 2 da 4 na rana, bayan azahar an ci abinci. Masu bincike a Ostareliya sun nuna a 1997 cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, natsuwarsa da saurin hannunsa sun koma daidai da na wanda giya ta kai ma'aunin 0.05 a jininsa, iyakar da ƙasashe da yawa ke kama direba a kanta. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Mukan ji ana zancen tuƙi cikin maye mu ce matsalar wasu ce. To direban da ya tashi sallar asuba ƙarfe 5, idan ƙarfe 10 na dare ta same shi a kan sitiyari bai runtsa ba, ya cika awa 17 ɗin, ko da bai taɓa sanin warin giya ba.

Gyangyaɗin sakan huɗu ya isa, wani lokaci ma ido a buɗe. A gudun 100 motar ta ci mita 110, fiye da tsawon filin ƙwallo, ba mai sarrafa ta. Shi ya sa hatsarin barci ya cika muni: ba a taka burki ko kaɗan, ba za ka ga sawun taya a kwalta ba. Goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari suna jinkirta barci na ɗan lokaci, ba sa biyan bashinsa. Tiramadol da danginsa sun fi muni, don suna ɓoye gajiya, su kuma ƙara wa mutum jin ba abin da zai same shi.

A ƙarshen watan Mayun 2025, motar da ta ɗauko tawagar 'yan wasan Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗo daga gadar Dakatsalle, sama da mutum 20 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Da rana tsaka abin ya faru, saura ƙiris su isa gida. FRSC ta ce alamu sun nuna gajiya da gudu bayan doguwar tafiyar dare. A littafi za a rubuta shi hatsarin rana, alhali tushensa daren da ba a yi barci ba ne.

## Magariba, da yadda rashin tsaro ya matse lokacin tafiya

Idan da sa'ar da muke raina wa hatsari, magariba ce. Haske ya tafi, duhu bai kankama ba, rabin motoci ba su kunna fitila ba. Masu zuwa masallaci na tsallaka titi, yara na dawowa daga aike, makiyaya na koro dabbobi. Kafin ita kuma akwai rana mai faɗuwa: Daura tana gabas da Katsina, don haka wanda ya taso daga Daura bayan la'asar rana ce a fuskarsa, kamar yadda wanda ya nufi Daura da hantsi yake fama da ita. Gilashi mai ƙura yana ƙara dagula lamarin. A watan azumi duk wannan yana haɗuwa da yunwa da ƙishi da barcin da sahur da tahajjud suka gutsure, ga kowa na son ya sha ruwa a gida.

Mu a Katsina muna da wani dalilin da ƙasashen da suka yi waɗancan bincike ba su da shi. Matsalar 'yan bindiga ta sa mutane guje wa dare a hanyoyi irin na Jibiya, Batsari da Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana motocin haya bin ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma taƙaita zirga-zirgar babura da Keke Napep da dare. Raguwar tafiyar dare tana rage wani nau'in hatsari, amma tafiyar ba ta ɓace ba, matsuwa ta yi zuwa gefe biyu: sammakon asuba, lokacin da barci bai saki direba ba, da tseren yamma don kada duhu ya riski mota a daji.

Kowa ya san hirar da ake yi a irin wannan mota. Wani daga baya ya ce, "Direba, ka taka mana, rana na faɗuwa." Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, bi da mu a sannu, gara a makara da a ƙi zuwa." Direba ya amsa, "Hajiya, in ban taka ba magariba a daji za ta same mu." Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, tsoro biyu ne suka yi karo. Amma a duba abin da gudun ke saye. Katsina zuwa Kano kimanin kilomita 170 ne. A gudun 90 tafiyar awa ɗaya da minti 53 ce, a gudun 110 awa ɗaya da minti 33. Minti 20 aka rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 a gudu yana ƙara kasadar hatsari mai kisa da kashi 4, wanda a wannan lissafi ya fi ninki biyu. Minti ashirin ɗin nan a tasha aka ɓatar da su, ana jiran fasinja ɗaya ya cika kujera.

Ranakun kasuwa ma haka suke. Motar Kanta ta taso daga Mai'aduwa ko Caranci da yamma, buhuna a ƙasa, dabbobi a tsakiya, mutane a sama, direba tun asuba yake tsaye. Irin wannan mota idan ta kife, hatsari ɗaya ne a ƙidaya, zaman makoki kuwa a gidaje da yawa. A hunturu hazo na rage gani, a farkon damina ruwa na taso da maiƙon da ya kwanta a kwalta.

## A hana tafiyar dare? Inda ake saɓani

FRSC ta daɗe tana shawartar jama'a su guji tafiyar dare, wasu kuma na kira a mayar da shawarar doka. Hujjarsu ita ce duk abin da aka lissafa a sama. Masu adawa ma suna da tasu, kuma ba ta yasarwa ba ce. Kayan gwari da dabbobin da ake kaiwa kudu sanyin dare suke so. A zafin bazara kwalta na dafa taya, musamman ta gwanjo. Idan aka koro duk tireloli zuwa rana za su cakuɗu da ƙananan motoci da babura da 'yan makaranta. Akwai kuma fargabar dokar ta zama ƙarin shingen karɓar na goro.

A ganina an ɗora muhawarar a kan agogon bango, alhali agogon direba ya fi muhimmanci: awa nawa ya yi a farke, yaushe ya kwanta. Tarayyar Turai ta kama ta nan. Direban babbar mota ba ya wuce awa huɗu da rabi sai ya huta minti 45, a ƙa'ida ba ya wuce awa 9 a rana, kuma akwai na'urar da ke rubuta lokacin tuƙinsa. Najeriya ta fara tilasta na'urar taƙaita gudu a motocin haya a 2017, amma na'urar gudu ba ta san wanda bai yi barci ba. Doguwar tafiya da fasinja, dare ko rana, direba biyu take so, kuma na biyun ya zama direba cikakke.

Direbobi suna da ƙorafin da ya kamata a saurara. Mafi yawansu mota ba tasu ba ce. Akwai balas da za a kai wa mai mota ko an samu ko ba a samu ba, ga kuɗin tasha, ga man da ya yi tashin gwauron zabo tun cire tallafi a watan Mayun 2023. Wanda ake biya da yawan sawu, duk awar da ya kwanta asara ce a aljihunsa. Masu motar kuma sun fi son matashi, don ya fi jure wahala kuma bai cika musu ba. Ta haka tsarin biyan kuɗi da kansa yake haɗa saurayi da gajiya da mummunar sa'a. Zagin yaran zamani ba zai warware wannan ba matuƙar ba a tambayi wanda ya miƙa makulli da wanda ya yanka balas ba.

## Abin da ke hannun fasinja, iyaye da shugabannin tasha

Uba ba ya buƙatar jiran majalisa kafin ya kafa lasisi mataki-mataki a gidansa. Yaron da ya fara tuƙi ya yi watanni da babba a gefe, ban da dare, ban da kwasar abokai, ban da fita gari. Babur ma haka, da hular kwano a kai. A ɗaukar amarya, a sa dattijo ko gwaggo ɗaya a kowace mota a kuma tashi da sauran haske. Binciken AAA da aka ambata ya nuna zaman babba a mota kaɗai yana sauya tuƙin yaro.

Fasinja yana da haƙƙin tambaya ko direban nan yanzu ya sauke lodi daga doguwar tafiya. Wanda ya zauna gidan gaba ya ɗaura bel, wanda ke rage kasadar mutuwa da kusan rabi, kuma kada ya yi barci. Idan ya ga direba na yawan hamma, ko motar na karkata tana dawowa, ya ce a tsaya. Barcin minti ashirin a wurin da ke da jama'a ya fi kowane goro aiki. Idan kujera ɗaya ce ta rage rana kuma na tafiya, fasinjoji su haɗa kuɗinta a tashi. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122.

Babban aikin yana wajen ƙungiyoyin direbobi irin su NURTW da RTEAN, da KASSAROTA, hukumar jiha mai kula da zirga-zirgar ababen hawa, don su ne ke tsaye inda mota ke tashi. A tashoshi da yawa ana rubuta sunan fasinja da lambar wayar ɗan uwansa kafin a tashi. A ƙara layi biyu a takardar: ƙarfe nawa direban ya iso daga sawunsa na baya, kuma ƙarfe nawa ya sake yin lodi. Wanda tazararsa ba ta kai ta barci ba, a ba na bayansa layi, shi kuma a ajiye masa nasa kada ya yi asara. Idan jami'ai da asibitoci suka riƙa rubuta shekarun direba da sa'ar kowane hatsari, cikin shekara ɗaya jiha za ta san wace sa'a ce ke cin mutane a hanyar Mashi, wace ce a hanyar Kankiya, ta kuma tura jami'anta da motar ɗaukar marasa lafiya can a daidai lokacin.